Aikin Kwamfuta A Wuyan Riga: Ina Aska, Ina Tambari?

 

Duk wanda ya lura da suturar da aka yi ado da ita a unguwar nan a sallolin baya-bayan nan ya san aikin kwamfuta ya ci kasuwa. Babbar riga, kaftani, har hula, kusan duk shi ne. Mu da muke zaune a kan tsibin shadda da huluna tun muna samari, muna ganin lokaci ya yi da za a ɗora aikin nan a sikeli, a faɗi inda ya yi kyau, a faɗi inda ya gaza. Zanen da ke jiki muke nufi, domin shi ne abin da ido ke fara karo da shi kafin a kai ga tambayar kuɗin yadi.

Mu fara da ba shi haƙƙinsa. A da, riga mai cikakken aiki sai sarki, sai attajiri, sai babban malami, saboda aikin hannu na aska takwas yakan ci watanni. Yau mai tura baro a kasuwa zai iya tara ɗan abin da ya samu, ya kai yadi shago, cikin kwana biyu ya karɓo riga mai aiki a wuya ya tafi Idi ba tare da jin kunya ba. Wannan alheri ne. Haka nan a ƙaramin aiki, irin siririn layin da ake bi da shi a wuyan kaftani da bakin aljihu da bakin hannu, injin yana fitar da abu tsaf, babu karkata. A nan ba mu da ta cewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne babbar riga. Wanda ya taɓa shimfiɗa tsohuwar riga ta Zariya ko Bida ko Ilori ya duba da kyau, zai ga ba a raba aikin biyu daidai ba. Nauyinsa yana ɓangaren hagu, a kan aljihu, inda askake suke saukowa da tsininsu ƙasa, biyu ko takwas, gwargwadon sunan rigar. A ɓangaren dama kuwa sai tambari, wato da'irar nan mai naɗewa, ita kaɗai a fili. Daga nan aikin ya haura kafaɗa ya faɗa baya, inda wani tambarin yake. Masu zanen sun san rigar ba a jikin bango za a rataye ta ba, mutum ne zai sa, ya naɗe hannuwanta a kafaɗa, ya yi tafiya, ya zauna. Saboda haka suka aje aikin a inda naɗi ba zai rufe shi ba, suka kuma bar fili a jikin yadin domin ido ya huta, shi ma yadin ya nuna nasa kyan.

To aikin kwamfuta fa? Mafi yawan wanda muke gani, an zana rabi ne aka juya shi ya zama ɗaya rabin, hagu da dama kamar an tsaga gyaɗa. Sannan a cika ƙirji tun daga wuya har cibiya, ba a bar ko tafin hannu ba. Mai rigar yakan zaci yawan zare shi ne tsada, amma daga nesa abin sai ya zama dunƙule guda mai ƙyalli, ba ka iya rarrabe wannan fure da wancan. Wasu kuma sun ɗauko askar da tambarin sun zuba yadda suka ga dama. Mun ga riga mai askake suna kallon sama, mun ga tambari an maƙala shi a gindin aljihu kamar tambarin kamfani. Zane ɗaya ake buɗawa a ɗora wa ƙato, a matse shi a ɗora wa yaro ɗan shekara bakwai, alhali mai zanen hannu yakan dubi faɗin rigar da tsayin mai ita kafin ya ja layi.

Akwai kuma maganar yadda aikin ke zama a jiki. Kafin inji ya hau yadi sai an manna masa gam ta ciki, sannan a danƙara zaren roba mai sheƙi. Sai ƙirjin riga ya sandare kamar kwali. A zafin Badun mai gumi, wanda ya yi sallar Juma'a a cikinta ya san abin da muke faɗa. In ta sha wanki biyu uku, yadin ya saki, aikin bai saki ba, sai ka ga gefensa ya tattare, dutsen guga ma ya kasa. Aikin hannu na da kuwa, mai ƙananan hudoji da ake zagaye kowanne da zare, iska tana ratsa shi, yana lanƙwasa tare da yadin, kuma in ya je wurin mabuga ya sha bugu sai ya ƙara kwanciya. Shi ya sa ake gadon irin waɗannan riguna daga uba zuwa ɗa.

Kada matasanmu su ɗauka zanen nan daga sama ya faɗo. Da yawa daga masu zana riguna a da malamai ne da almajirai, hannun da ke yi wa allo zayyana ranar sauka shi ne ke zana aljihun riga. Shi ya sa ba ka ganin hoton mai rai a ciki, sai layi da da'ira da murabba'i da dagi, irin dai wanda ake yi a bangon zaure a Kano da Zariya. Riga ɗaya takan bi hannun masaƙi, da mai haɗa ƙwarya, da mai zane, da mai ɗinki, da mabugi, kowa ya ci abinci. Zaren tsamiya kuwa daga gidan wata tsutsa ake samun sa, a dafa da toka, a kaɗa. Kowane zane da sunansa: aska biyu, aska takwas, kwaɗo da linzami, malum-malum. Yau je ka shagon surfani ka ji yadda ake ciniki. Kwastoma zai miƙa waya ya ce a yi masa irin wannan. Zanen ba shi da suna, ba a san wanda ya ƙirƙire shi ba, daga waya zuwa waya yake yawo, shi ne a agbadar ango a Legas, shi ne a rigar liman a Sabo. Har da masu sa a ɗinka musu haruffan kamfanonin Turai a ƙirji, suna yi wa wani talla kyauta a sahun salla.

Abin ya fi ciwo in aka tuna cewa tun da aka kafa Sabo a 1916, ba goro da shanu kaɗai ne suka haɗa mu da masu masaukinmu ba, har da tufa. Abin da suke kira sanyan shi ne tsamiyarmu, etu ɗinsu ɗan'uwan saƙinmu ne, alaari kuwa alharini ne, ɗan ciki ma suka ara suka ce danshiki. An san Bahaushe a garin nan da iya aikin wuya da ɗinkin hula. In muka bari yaranmu suka tashi ba su san aska daga tambari ba, da me za mu yi tinƙaho?

Mu dubi abin da ya sami adire, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Matan Yarbawa a nan Badun sukan zana farin yadi da kunun rogo da gashin kaza kafin a tsoma shi a baba. Shahararren zanensu, Ibadandun, yana ɗauke da ginshiƙan ɗakin taro na Mapo, wanda aka gina a 1929, wato garin ne da kansa aka rubuta a jikin zane. Yau ana buga kwaikwayon adire a masana'antun Sin a shigo da shi da araha, matan kasuwar Itoku a Abekuta suna ta kuka. Mai saye in ya juya yadin zai gane, domin rinin ɗauri na gaske yana ratsawa ciki da waje, bugaggen kuwa bayansa fari-fari ne. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, ita ma ramukanta da yawa sun bushe. Hanyar da aikin wuyanmu ya kama ke nan.

Hula ma ba ta tsira ba. Kube da Zanna Bukar na gaske, irin na mutanen Bama da Maiduguri, da allura ake cika su ɗinki bayan ɗinki, makonni ana abu ɗaya. Iyalai da yawa da rikici ya raba da Bama a 2014 da wannan sana'a suka riƙe kansu. Ta inji tana kama da ita daga nesa, amma masu wankin hula na unguwar nan za su gaya maka bambancin, tun daga yadda take shan sitaci har yadda take zama a kan katako. Juya cikinta kawai: ta hannu za ka ga sawun allura bai zama ɗaya sak ba, ta inji kuwa layi ne a jere kamar rubutun ɗab'i.

Nan ne maganar ta shafi mu 'yan kasuwa kai tsaye. Sayar da aikin inji halal ne. Sayar da shi da sunan aikin hannu algus ne, kuma addini bai yi sassauci a kan algus ba. Baƙo Bayarabe ya zo Sabo neman hular Barno saboda ya yarda da mu, a miƙa masa ta inji a karɓi kuɗin ta hannu, an cuce shi, an cuci matar da ta ƙare idonta a kan allura, an kuma zubar da sunan unguwa gaba ɗaya. Ranar da ya gane, shi da danginsa ba za su sake dawowa layinmu ba.

Shawararmu ga masu injin surfani, ku nemi dattawan da suka iya zanen hannu, akwai sauransu a cikinmu, ku biya su su zana muku aska da tambari a muhallinsu, ku koyi barin fili, ku rage gam da zaren roba. Injin abin da aka ba shi yake ɗinkawa, in aka ba shi zane mai kyau zai fitar da mai kyau. Masu tsofaffin riguna a adaka, kada ku sayar wa dillalan kayan tarihi a banza, ku fito da su yara su gani, a kwafi zanen a takarda, a rubuta sunansa a ƙasa. Shugabannin 'yan hula da teloli kuma su tsayar da doka a tsakaninsu, kowa ya faɗi irin kayansa kafin a yi ciniki. Mai hali kuwa, ko riga ɗaya ce a shekara, ya ba mai aikin hannu, ya biya shi da daraja, domin yaron da ke zaune kusa da shi ya ga sana'ar tana ciyar da mutum.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya tsare mu daga cin haram, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.