Gwanintar Tara Gari a Kan Maganar Daji

A karkarar Maraɗi da Damagaram, gonakin da suka koma fili fetal bayan farin 1984 yau sun cika da gawo da kalgo da sabara da aduwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 ne suka farfaɗo a kan hekta miliyan 5. Dabarar sananniya ce: sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ya fara yaɗawa a Maraɗi a 1983. Manomi ya bar kututture ya yi toho, ya zaɓi rassa masu ƙarfi, ya sassabe sauran. Amma tohon ba zai kai itace ba idan wani ya zo da gatari cikin dare. Abin da ya tsare shi shi ne yarjejeniyar gari, kuma ƙulla ta sana'a ce mai gwanayenta.

Gwanin wannan aiki, ko malamin gona ne ko dattijon gari, yana fara lissafi da lokaci. Ba ya kiran taro da damina, manomi na gona, makiyayi ya yi arewa da garkensa. Sai bayan girbi, lokacin da Fulani suka sauko cin kara da harawa, sannan kowa mai haƙƙi yake kusa.

Ya kuma san cewa dandali ba ya faɗin duk abin da ke ransa. Matar da ke doguwar tafiya neman icen girki ba za ta katse mai gari a gaban surukinta ba. Saboda haka yakan zauna da mata daban, matasa daban, ya taka har ruga ya gaisa da arɗo. Ranar babban taro kuwa, shi ke ɗauko maganar kowane ɓangare ya ajiye ta a tsakiya ba tare da ya ambaci mai ita ba.

Tambayarsa ma da hikima. Da ya ce me kuke so, da an lissafo masa taki da rijiya. Sai ya juya ga tsofaffi: "Baba, ina kukokin garin nan suke sa'ad da kuke samari? Ta ina burtali ya bi?" A zana taswira a ƙasa da sanda, a sa duwatsu a mazaunin mashaya da fadama da makiyaya. Idan mutane suka ga abin da ya salwanta cikin shekara arba'in, sai tunanin shekara ashirin masu zuwa ya zo musu da sauƙi.

Daga nan sai zaɓe, domin buƙatu sun fi ƙarfin gari. Kowa ya ɗauki tsakuwa ya ɗora a kan abin da ya fi damunsa. A nan gwani yake nemo mahaɗa. Gawo misali ne: yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Manomi da makiyayi duk suna da riba a tsayuwarsa.

Ba ya bari a watse sai magana ta zama ƙa'ida: wa zai yi sara, wane reshe, nawa ce tara, wa zai yi gadi. A Ɗan Saga ta yankin Agye, kwamitin tsaron itatuwa ya haɗa maza da mata da makiyaya, har garuruwan maƙwabta suka yi koyi. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ma ta buɗe hanyar kafa kwamitocin ƙasa har matakin ƙauye, inda manoma da makiyaya da mata da matasa ke da kujera.

Wannan gwani ya cancanci yabo domin yana haɗiye ra'ayinsa ko da ya san amsa. Ya gane cewa dokar da aka aiko daga birni tana buƙatar ɗan sanda, wadda gari ya yanke da bakinsa kuwa kowa mai gadinta ne. Duk ƙaramar hukumar da ke shirin dashen itatuwa ta fara neman irin wannan mutum kafin ta sayi iri.