Tafiyar Slocum: Ina Kaɗaicin Ya Shiga?

A 1895 Joshua Slocum ya bar Boston shi kaɗai cikin Spray, jirgin ruwa mai tafiya da iska, ya kewaye duniya, ya komo a 1898. Littafinsa na 1900, Sailing Alone Around the World, akwai daɗin karatu, amma muna da ƙorafi. Daga tsibirin Thursday zuwa Kokos Kilin, mil 2,700 cikin kwana 23, bai riƙe sitiyari fiye da awa uku ba. To, sauran lokacin me zuciyarsa take saƙa masa? Nan sai ya lulluɓe mu da raha. Mutanen Tiyera del Fuwego kuwa, ɓarayi kawai ya ɗauke su, ya shimfiɗa masu ƙusoshi. Marubutanmu su ɗauki sauƙin harshensa, amma su bar jarumi ya ji tsoro.