Sawu da mai sawu: sharhi a kan cibiyar médialab ta Sciences Po

A shekarar 2009 ne Bruno Latour ya kafa wata cibiyar bincike a makarantar Sciences Po ta birnin Paris, aka raɗa mata suna médialab. Tsarinta shi ne a zaunar da masana ilimin zaman jama'a da injiniyoyin na'ura mai ƙwaƙwalwa da masu zane wuri guda, ta yadda mai tambaya da mai ƙera kayan aiki za su riƙa gyara wa juna. A cikin wannan ƴar maƙala ba tarihin cibiyar za mu bayar ba. Da'awa guda za mu ɗauka, wadda a kanta aka gina gidan, mu auna ta da ma'aunin mai nazarin harshe.

Da'awar ta samo asali daga tsohuwar jayayya tsakanin Gabriel Tarde da Émile Durkheim, waɗanda suka yi muhawara a bainar jama'a a 1903. Durkheim na ganin al'umma aba ce mai zaman kanta, tana bisa ɗaiɗaikun mutane, tana tilasta musu. Tarde kuwa cewa ya yi babu komi a cikinta sai kwaikwayo da ke yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Durkheim ya yi rinjaye a jami'o'in Faransa. Latour da abokan aikinsa, a wata maƙala da suka fitar a 2012, sun kawo hujja cewa rashin kayan aiki ne ya kayar da Tarde: a zamaninsa ba a iya bin mutane dubu ɗaya bayan ɗaya, dole a tara su cikin jadawali a fitar da matsakaici. Yanzu da kowa ke barin sawu a intanet, in ji su, mai bincike na iya tashi daga mutum guda ya kai ga taro, ya komo, ba tare da ya ɓatar da kowa a hanya ba. Ke nan katangar da ke tsakanin binciken ƙididdiga da binciken zama da mutane ta faɗi.

Kafin suka, a ba kowa haƙƙinsa. Cibiyar ta ƙera kayan aiki na gaske, ta kuma sake su kyauta. Wanda ya fi burge mu shi ne Hyphe, manhajar da ke bin mahaɗai daga shafi zuwa shafi tana tattarawa. Ba ta yanke wa mai bincike hukunci. Shi ne zai ce wannan rukunin shafuka abu guda ne, wancan biyu ne, wannan na cikin taskata, wancan na waje, wannan kuma ban tsai da shawara ba tukuna. Duk wanda ya taɓa haɗa taskar matani don kundin digiri ya san nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin ha'inci cikin shiru. Manhajar da ke tilasta wa mutum ya sa hannu a kan iyakar da ya shata ta cancanci yabo.

Sai dai haɗa lissafi da nazarin al'umma ba a 2009 ya fara ba a Faransa, ko da yake masu yabon cibiyar kan yi magana kamar haka ne. Jean-Paul Benzécri ya ƙirƙiro hanyarsa ta nazarin dacewar bayanai tun shekarun 1960, kuma matsalolin harshe ne suka fara tura shi. Pierre Bourdieu ya yi amfani da ita a La Distinction a 1979. Masu ƙidayar kalmomi na Saint-Cloud sun daɗe suna auna jawaban siyasa da na ƙungiyoyin ƙwadago. Darasin da wannan zuri'a ta koya da wahala shi ne: taskar matani ba harshe ba ce, samfuri ce, kuma wanda ya tara ta ya riga ya amsa rabin tambayar.

A nan ne muke ganin raunin da'awar. Sawun da ake magana a kai, mafi yawansa rubutu ne. Kafin na'ura ta ƙirga shi, sai ta yanka shi kalma kalma, ta kuma yarda cewa siffa guda ma'ana guda ce. Ko a Faransanci wannan zato na tuntuɓe, amma akwai ƙamusoshi da manhajojin fayyace nahawu da ke rage ɓarnar. Mu gwada shi da Hausa yadda ake buga ta a wayar hannu, babu ƙugiya, kuma dama rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti:

(1) baki: na magana, ko baƙi na launi, ko baƙi jam'in baƙo
(2) kasa: ƙasa ta haihuwa, ko kasa yin abu, ko macijiya
(3) ƴaƴa, 'ya'ya, yaya: kalma guda a rubutu uku, na ukun kuma ya haɗu da yaya ta tambaya da yaya babba a ɗaki

A misali na (1) da na (2) na'ura za ta haɗe abin da ya rabu. A na (3) za ta raba abin da yake ɗaya, ta bi iyakar Nijar da Nijeriya ta tsaga shi, don kawai ƙa'idojin rubutun ƙasashen biyu sun saɓa a harafi guda. Wanda ya zana taswirar muhawara a kan baƙi da ƙasa da irin wannan taska, me ya zana? Ba mu ce matsalar ba ta da magani ba. Muna cewa maganin aikin masanin harshe ne, da hannu, kuma da zarar an yi shi, sawun ya daina zama abin da aka tsinta a hanya, ya zama abin da aka sassaƙa.

Wannan ma ga wanda ya yi rubutu ke nan. A Maradi ko Damagaram, muhawara mai zafi a kan farashin hatsi ko auren wuri tana gudana a fada, a gidajen rediyo masu zaman kansu, da saƙon murya na WhatsApp da ke yawo a rukunonin da ba mai shiga sai an sa shi. Ba ɗaya daga cikinsu da ke barin mahaɗin da Hyphe za ta bi. Wanda ya rubuta da Faransanci a shafi buɗaɗɗe shi zai cika taswira, sawun giwa ya taka na raƙumi. Ko a Faransa haka abin yake, illa dai giɓin bai kai namu faɗi ba, shi ya sa ake iya mantawa da shi.

Batun taswirar kanta ma akwai magana. Hanyar ForceAtlas2, wadda Mathieu Jacomy da abokansa suka bayyana a 2014, kuma ake amfani da ita a manhajar Gephi, tana aiki kamar haka: kowane ɗigo na ture ɗan'uwansa, kowane zare da ya haɗa biyu na jawo su, har zanen ya lafa. Sama da ƙasa, dama da hagu, ba su da ma'ana. A sake kunna ta, zanen na iya juyawa. Masu ƙirar sun faɗi haka, kuma Jacomy ya ci gaba da rubutu a kan yadda ya kamata a karanta irin wannan zane. Amma mun sha ganin ɗalibi ya haska shi a bango, ya nuna gungu biyu ya ce ga ɓangarorin al'umma. Wato Durkheim da aka kora ta ƙofa ya komo ta taga, da launi.

Abu na ƙarshe bai shafi nazari ba, ya shafi mallaka. Sawun na kamfanoni ne. Cibiyar ta ƙera manhajar Gazouilloire don tattara saƙonnin Twitter, ta kuma gina bincike da dama a kansu. A 2023 kamfanin ya rufe ƙofar da masu bincike ke shiga kyauta. A watan Agusta na 2024 Meta ta rufe CrowdTangle, wadda da ita ake leƙa abin da ke yawo a Facebook. Latour ya rasu a watan Oktoba na 2022, bai ga wannan ba. Mai binciken da ya kwana wata uku a ƙauye da littafinsa da rakoda, irin aikin da LASDEL ke yi a Yamai tun 2001, ba wanda zai rufe masa taskarsa da sanarwa guda.

Ga sashenmu, abin da za a ara daga médialab shi ne zaman injiniya da mai bincike a tebur guda tun ranar da ake tsara tambaya. In aka samu wannan injiniya, aikin farko da za mu ba shi ba taswira ba ce: kaset-kaset na hira da ke jibge a kabad, a juye su, a rubuta su da ƙugiya da alamar karin sauti, a sa wa kowane sunan gari da shekara.