Shafin Majigi da Abin da Ido Ke Fara Gani

A watan Afrilu na 1987 wani ƙaramin kamfani a jihar Kalifoniya ta Amurka, mai suna Forethought, ya fitar da manhajar PowerPoint, wadda Robert Gaskins da Dennis Austin suka haɗa. Baƙi da fari kawai take fitarwa, kuma an yi ta ne don buga shafukan leda da ake ɗorawa a kan majigi. Cikin 'yan watanni Microsoft ya saye kamfanin a kan dala miliyan 14. Kafin wannan lokaci, ma'aikacin da ke son shafi mai kyau na nunawa a taro sai ya kai wa mai zane ya biya, don haka yakan auna maganarsa tukuna. Da abin ya koma danna maɓalli, shafuka suka yawaita, awon ya ragu.

Manhajar ta zo da nata tsarin: take a sama, layuka masu ɗigo a ƙasa, ƙananan layuka a gindin manya. Duk wanda ya taɓa zama a taron kamfani ko na bita ya san abin da hakan ya haifar. Mai jawabi ya juya wa jama'a ƙeya yana karanta bango, su kuwa tuni idonsu ya kai layin ƙarshe, suna jira bakinsa ya iso. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya nuna a gwaje-gwajensa cewa mutum ya fi fahimtar zane idan aka raka shi da bayanin baki kawai, a kan a ƙara masa da rubutun abin da bakin ke faɗa. Ido ne ke ɗaukar rubutu, shi ne kuma ke ɗaukar zane, sai su cunkushe a ƙofa ɗaya.

Gundura dai ita ce ƙaramar illa. Ranar 16 ga Janairu, 2003, kumbon Columbia ya tashi daga Fulorida, kuma daƙiƙa 82 da tashinsa wani ɓallin soso da aka lulluɓe tankin mai da shi ya fizge ya daki fiffikensa na hagu. Kumbon yana can sama injiniyoyin kamfanin Boeing suka gabatar wa shugabannin hukumar NASA bayanin haɗarin a shafukan PowerPoint. Ɗaya daga cikin shafukan nan ne Edward Tufte na Jami'ar Yale ya feɗe daga baya. Takensa, da manyan haruffa, yana kwantar da hankali ne: lissafin da aka dogara da shi yakan zuzuta ɓarna, ke nan akwai sarari. Rubutun shafin, har da taken, hawa shida ne, wani a gindin wani. Can a ƙarshe, da ƙananan haruffa, aka rubuta lambobin da ke nuna cewa ɓallin da ya daki kumbon ya ninka wanda aka yi gwaji da shi sau 640. Ma'ana, gwajin ba shi da abin da zai ce a kan wannan dukan. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a hanyar dawowa, mutum bakwai suka rasu.

Ba shafi ne ya kashe su ba, kuma kwamitin binciken ya ɗora babban laifin a kan yadda NASA ke tafiyar da al'amuranta. Duk da haka rahoton ya kawo nazarin Tufte, ya kuma ce babban jami'i zai iya karanta wannan shafi bai gane ana maganar rai ba. Abin da ya fi damuna a labarin shi ne babu ƙarya ko ɗaya a shafin. Gaskiyar tana nan, an dai ajiye ta inda ido ba ya zuwa. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya san cewa atamfar da yake so a gani a bakin shago ake rataye ta, ba a ƙasan dila ba.

Maganin da ya fi karɓuwa tun daga lokacin shi ne a rage rubutu a ƙara hoto. Guy Kawasaki ya ba masu neman jari shawarar shafi 10, minti 20, da rubutun da girmansa bai gaza 30 ba. A Tokyo, a 2003, aka fara tarukan PechaKucha, inda mai jawabi ke da shafi 20, kowanne daƙiƙa 20. Ana yawan kafa misali da Steve Jobs, wanda a 2008 ya zaro kwamfutar MacBook Air daga ambulan na ofis don a ga sirantarta. Ƙa'idodin suna da amfani, domin ƙarancin wuri yana tilasta wa mutum zaɓe. Amma Jobs kaya yake tallatawa, kuma ambulan ɗin hujja ce. Hoton hannaye biyu suna musabaha a kan shafin yarjejeniya ba ya tabbatar da komai. Wani shafi da aka nuna wa Janar Stanley McChrystal a Kabul a 2009 zane ne zalla, kibiyoyi a sarƙe suna bayyana yaƙin Afganistan, kuma rikitarwarsa ce ta sa ya yi suna.

A ganina gyaran daga take yake farawa. "Cinikin zango na uku" suna ne kawai. "Cinikinmu a Zariya ya faɗi tun da muka ƙara farashi" magana ce da za a iya yarda da ita ko a musa. Idan take ya zama haka, zanen da ya dace yakan bayyana da kansa: sanduna biyar na garuruwa biyar, huɗu launin toka, ta Zariya ja, da lambarta a rubuce a kanta don kada mai kallo ya riƙa kai-komo da ido. Wannan dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, tun 1786 William Playfair ya buga zanen sanduna a kan cinikin Sukotilan da ƙasashen waje. Mutane da yawa suna gudun irin wannan take ne domin yana ɗaure su. Wanda ya rubuta cewa ƙarin farashi ne ya jawo faɗuwar dole ya kare maganarsa a gaban manaja.

Akwai kuma maganar da ba ta shiga shafi ko an matsa ta. A 2004 Jeff Bezos ya hana PowerPoint a tarukan manyan ma'aikatan Amazon, aka koma takardar da ba ta wuce shafi shida ba, ana karanta ta shiru a farkon zama kafin a fara muhawara. Dalilinsa shi ne cikakkiyar jimla tana tona asirin tunanin da bai nuna ba, ɗigo kuwa yana rufa masa.

A wajenmu wannan bambanci ya fi muhimmanci, domin sau da yawa bayan taro ake cewa "a turo mana a WhatsApp", shafin da aka yi don bango ya ƙare a fuskar waya, ba mai jawabi a gefensa. Mai hoto ɗaya da kalma uku ba zai gamsar da wanda bai halarci taron ba, mai layi goma sha biyu kuma ba zai karantu daga kujerar baya ba. Gara a yi abu biyu: shafuka masu sauƙi don ɗakin taro, da takarda mai cikakkun jimloli don turawa. Idan da Hausa aka rubuta, a gwada shafukan a kwamfutar da za a jona da majigin kafin jama'a su shigo, domin wasu nau'o'in rubutu ba su da ɗ da ƙ da ɓ, sai su fito a bango a matsayin akwatuna.