Kaboyi da "Indiyawan Daji": Nazarin Jigo a Fim ɗin Stagecoach

Gabatarwa

Kafin zuwan bidiyo, gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos sun shayar da mu finafinan kaboyi har muka haddace zubinsu. Wannan maƙala za ta ɗauki ɗaya daga cikinsu, wato Stagecoach, wanda John Ford ya shirya a 1939, domin mu ga yadda fasaha take mayar da tarihi almara.

Zubi da Taurari

Labarin gajere ne. Keken doki ya tashi daga garin Tonto a Arizona zuwa Lordsburg a New Mexico, ta cikin ƙasar Apache, a lokacin da Geronimo ya ɗaura yaƙi. A cikin matafiyan akwai Dallas, karuwar da matan gari suka kora, da Doc Boone, likita mashayi, da Gatewood, mai banki, da Ringo Kid, ɗan fursunan da ya tsere, wanda John Wayne ya fito a matsayinsa.

A nan gwanintar Ford ta bayyana. Ya cusa al'umma guda cikin keke ɗaya, sannan ya bar wuya ta tone asirin kowa. Da naƙuda ta kama matar hafsan soja a hanya, mashayin ne ya karɓi haihuwa, karuwar kuma ta yi jinya. Mai bankin da ya fi kowa wa'azi, shi ne ɓarawon. Wato jigon shi ne, mutunci ba a riga yake ba.

Inda Adalcin ya Tsaya

Sai dai wannan adalci bai wuce ƙofar keken ba. Kowane fasinja yana da suna da tarihi da uzuri. Mayaƙan Apache kuwa ba a ba su baki ba. Sukan ɓullo daga tudu, su yi harbi, su faɗo daga doki, har sojan gwamnati su iso da busa. Mai kallo ba zai taɓa jin dalilin faɗan ba.

Tarihi kuwa ya faɗi dalilin. Dokar 1862 ta ba duk baƙon da ya zauna shekara biyar eka 160, a ƙasar da take da masu ita. An karkashe ɓaunayen da ƙabilun filayen tsakiya suke rayuwa a kansu, aka tattara mutane a keɓaɓɓun yankuna. Geronimo ya miƙa wuya a 1886, ya rasu a 1909 yana fursunan yaƙi. Duk da haka, a 1893 masanin tarihi Frederick Jackson Turner ya bayyana yammacin a matsayin filin banza wanda ya ƙera halin Ba'amurke. Wannan ra'ayi Ford ya sa wa hoto: ya mayar da mai mamaya abin tausayi, mai gida kuma ɗan fashi.

Kammalawa

Abin da ya shafe mu shi ne, mu da muka san abin da ya faru a Burmi a 1903, mun zauna a silima muna yi wa soja tafi, har muka raɗa wa waɗanda aka ƙwace wa ƙasa suna "Indiyawan daji". Wannan ƙarfin labari ne, ba rashin hankalin ɗan kallo ba. Don haka muna kira ga ɗalibanmu masu sha'awar rubutu, duk labarin da suka karanta ko suka ƙaga, su fara tambayar wa aka ba baki, wa aka hana.