4.3 Sharhi a Kan Tsarin Ginin Bargar Chantilly

A wannan sashe za a dubi babbar bargar dawaki ta Chantilly da ke arewa da birnin Faris, domin a gano ko saboda doki aka tsara ta, ko kuwa saboda mai doki. Jean Aubert ne ya zana ginin, aka kuma fara aikin a 1719 bisa umarnin Louis-Henri na Bourbon, Yariman Condé. Tsawonsa mita 186 ne, a tsakiyarsa akwai ƙubba mai tsayin mita 28, sannan an tanadi wurin dawaki 240 da na karnukan farauta.

Idan aka lura da waɗannan alƙaluma, za a ga cewa girman ya zarce buƙatar dabba. Abin da doki yake nema bai wuce iska da ruwa da busasshen wurin kwana da abinci a kusa ba. Ƙubbar da siffofin dawakin da aka sassaƙa a saman ƙofa ba su ƙara masa komai ba. An yi su ne domin baƙo ya auna arzikin Yarima tun daga nesa.

Wannan batu zai ƙara fitowa fili idan aka kwatanta ta da bargar gidan Chatsworth a Ingila, wadda James Paine ya fara ginawa a 1758. A can sassa huɗu ne suka kewaye tsakar gida. Dawaki 80 da maƙera suna ƙasa, rumbun hatsi da ɗakunan masu kula da dawakin suna sama. Wato ke nan aikin yau da kullum ne ya haifar da tsarin, ado ya biyo baya.

Sai dai kuma ba za a yi wa Aubert adalci ba idan aka tsaya a nan. Tsayin rufin yana rage warin fitsari da cunkoson iska. Bugu da ƙari, bayan juyin juya halin 1789 an rushe babban gidan Yarima, amma bargar ta tsira saboda sojoji sun mayar da ita mazaunin dawakinsu. A 1982 aka buɗe gidan tarihin doki a cikinta.

A ra'ayin wannan nazari, bargar Chantilly fada ce da aka yi wa suna barga. Takama ce ta sa aka gina ta, amma amfaninta ga doki ne ya hana ta rushewa.