Takunkumi a bakin wa?

Ƴan uwa ɗalibai, ni ba masanin siyasa ba ne, kalmomi nike karatu, don haka ta ƙofar kalmomi zan shiga maganar.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji sunka tsare Bazum. Ranar 30 ga wata CEDEAO ta zauna Abuja, ta ba su mako guda, ta ce in ba a maido shi ba tana iya amfani da ƙarfi. Daga nan sai kalmar Faransanci guda, intervention, ta faɗo muna, kowa na juya ta yadda ya so. A fadarmu ta Madawa, wurin shayi, mai goyon baya ya ce "shiga tsakani", mai adawa ya ce "katsalandan". Ni dai a ganina duka biyun sun kauce. Mai shiga tsakani dattijo ne da ke raba faɗan manomi da makiyayi; bai zuwa da tankar yaƙi. Katsalandan kuwa aikin baƙo ne wanda ba ruwanshi. To Basakkwace baƙo ne a nan? Je ka Bangi ka ga mutanen ƙasar Sabon Birni da ƴan bindiga sunka koro, suna zaune cikin dangi. Sunan abin da aka shirya "yaƙi", kuma ƴan majalisar dattawan Najeriya, musamman na arewa, sun gane hakan, shi ya sa sunka ƙi shi ranar 5 ga Agusta.

Kalmar da ta faɗi gaskiya ita ce "takunkumi". Duk wanda ya tashi a Buza ko Keita ya san shi: abin da ake ɗaure wa dabba ga baki don kada ta ci ko ta ciji. Wanda ya fara fassara sanctions da wanga suna, Allah ya saka mishi, ya tona asiri. An rufe iyaka tsakanin Konni da Illela, Najeriya ta yanke wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke sha a lokacin, shinkafa da magani sunka yi tsada. An ce don haƙƙin ɗan Adam aka yi. Amma bakin wa aka ɗaure? Ban ga janar ɗin da ya rame ba kafin a ɗage shi ranar 24 ga Fabrairu 2024. Mai tallan ƙosai kam ta ji a jikinta.

Yanzu sai ɓangaren da abokaina ba su so in taɓa. "Zancen ƙasa ne" magana ce mai daɗi, ni ma na faɗe ta ranar da sojan Faransa na ƙarshe sunka fita a Disamban 2023. Sai dai ku saurari yadda ake faɗinta yau: a ƙarshen gardama take zuwa, kamar a ce "ya isa". Ka tambayi dalilin da ya sa aka tsare Bazum ba shari'a, a ce zancen ƙasa ne. Ka ambaci Musa Cangari da aka kama a Yamai a Disamban 2024, a ce zancen ƙasa ne, a miƙo maka shayi. Alhali "zance" a Hausa sai da mutum biyu, mai faɗa da mai amsawa. Ran nan na faɗi haka a fada, wani ya ce min in rage murya, akwai mutane bayan katanga.